Akwatin da Bai San Alhaji Ba

A Jega, in ka ambaci Junaidu mai gyaran rediyo, abin da za a fara ce maka shi ne, "Au, wannan mai taurin kan?" To mai taurin kai ne, sai me? Yawancin masu faɗin haka ba su taɓa buɗe baki sun ce wa babba a'a ba, balle su san nauyinta a harshe. Ku dai saurara ku ji abin da ya jawo masa sunan.

A Birnin Malam aka haife shi, gidan Malam Rufa'i mai makarantar allo. Uwarsa ta rasu yana goye, sai yayarsa Gudiya ta ɗauke shi, tun ita ma bayanta bai yi ƙwari ba. Ita ta yi masa wanka, ita ta dama masa kunu, ita ta yi faɗa da duk wanda ya harare shi. Karatu kam ya yi daidai gwargwado, amma hankalinsa na kan rediyon mahaifinsa. Ranar da ya kwance ta ya baje kayan cikinta a kan tabarma don ya ga masu maganar, ya sha bulala har Gudiya ta faɗa tsakani ta karɓi rabonta. Kashegari ya mayar da komai inda yake, rediyo ta ci gaba da magana. Daga ranar Malam bai ƙara ɓoye ta ba.

Da ya zama saurayi ya bi motar albasa zuwa Kaduna, ya sami aiki a wata masaƙa, ɓangaren lantarki. A can ya san abin da ma'aikata ke kira ƙwaƙwalwa. Wata 'yar baƙar aba ce da ba ta kai ɗan yatsa tsawo ba, da ƙafafu reras kamar na shanshani, da ɗan gilashi a gadon bayanta. Ana rubuta mata umarni da wata na'ura mai maɓallai, ta riƙe, ta yi ta bi ba gajiya. In an so a goge abin da ta riƙe, sai a haska gilashin da wata fitila ta musamman. Wanda ba shi da fitilar kuwa sai ya haɗa ta da rana ya yi haƙuri. Junaidu ya koyi wannan aiki har ya fi son sa da abinci. Sai masaƙa ta rage ma'aikata, ya dawo gida da buhu guda na tarkacen da aka zubar, a shekarun da Jega ke cikin Jihar Sakkwato.

Wanda ya ba shi shago kusa da kasuwa shi ne Alhaji Muntari, babban manomin albasa kuma shugaban ƙungiyar masu noman rani. A faɗi gaskiya, Alhaji ba mugu ba ne. Mutum ne dai wanda tun da ya yi wayo bai taɓa tsayawa layi ba, har ya ɗauka haka Allah ya tsara duniya.

Ƙungiyar tana da babban injin ban ruwa guda a bakin gulbi. Injin ya zuba ruwa a wata kwatamar siminti mai ƙofofi, kowace ƙofa da kwatar da take kai ruwa lambun mai ita. Mai tsaron injin shi ne Ɗanbaba, dattijo mai sanyin hali wanda ba ya iya kallon idon babba ya ce masa jira. Duk mai son ruwa sai ya taka har bakin inji ya faɗa. To a nan ne matsalar Gudiya take. Mijinta ya rasu ya bar mata lambu a can ƙarshen fadama, inda kwata ta ƙare. Ta manyanta, da kanta take zuwa aiki. Sai ta sha tafiya ta iso, ta tsuguna gefe ta ja mayafi, ta jira maza su gama. Kafin su gama man inji na ranar ya ƙare, Ɗanbaba ya ce, "Sai gobe, Gudiya, ki yi haƙuri." A bara rabin albasarta ya ƙone a tsaye. Kowa ya san in bana ma haka ta faru, sakin lambun za ta yi, ga kuwa masu jiran ta saki sun riga sun fara zagayawa suna auna shi da ido.

Abin ya ci wa Junaidu rai ƙwarai. Ya juye buhunsa na tarkace, ya harhaɗa ƙananan akwatuna na katako, kowane da ƙwaƙwalwarsa da batirin babur da maɓallai biyu. Kore na nufin a buɗe, ja na nufin a rufe. Ya kafa ɗaya a bakin kowane lambu, ya ajiye babba a rumfar Ɗanbaba, ya sa mata suna uwa. In manomi ya danna, uwa ta nuna lambarsa da abin da yake so, ba sai ya taka ko'ina ba. Waya ba ta isa a ja wa kowa tasa ba, don haka ya ja guda ɗaya tal a kan sanduna, ta bi lambu-lambu, kowane akwati ya rataya a jikinta. Manoma suka yi ta dariya, suka kuma yarda a gwada, don kowa ya gaji da tafiya.

Sai dai akwai abin da Junaidu bai lissafa ba, shi da ya daɗe a birni. Injunan masaƙa ba sa sallar Asuba. Manoma kuwa liman ɗaya suke bi, sallama ɗaya suke yi, hanya ɗaya suke kamawa zuwa fadama, kuma kowa da isarsa hannunsa na kan maɓalli. Saƙon kuma ba a dunƙule yake tafiya ba. Gutsure-gutsure yake bin waya, ɗaya na bin ɗaya: na gaba ya ce ni ne wane, na baya ya ce ga abin da nake so. In akwati biyu suka yi magana lokaci guda a waya ɗaya, sai saƙo ya cakuɗe, uwa ta ɗauki kan wannan ta haɗa da jelar wancan.

Haka aka yi wata safiya. Alhaji na da kwata biyu. Albasar ɗaya ta nuna, lawashi ya kwanta, an yanke mata ruwa ana jiran cira. Kowane ɗan Aliero da Jega ya san albasar da ta kai nan in ta sha ruwa, ruɓewa za ta yi a ajiya. Alhaji ya danna ja, wai don tuni. A daidai lokacin maƙwabcinsa Mamman ya danna kore. Uwa ta nuna lambar Alhaji, ta ce a buɗe. Ɗanbaba da ya ga lambar Alhaji ko tunani bai tsaya yi ba, nan take ya zare ƙofar wannan kwatar. Kafin a farga fangalai sun cika maƙil.

Wayyo, ranar fadama ta ji murya! Alhaji ya tsaya a kan kunya, babbar riga a kafaɗa, ya ce, "Ɗan Malam, kwashe wagga tsiyar taka yau ɗin nan!"

Junaidu bai yi gardamar laifi ba. Ya ce, "Kuskurena na, Alhaji. Amma ba ni kwashe ta. Gyara ta za ni yi." Ya tuɓe riga, ya karɓi fartanya, ya shiga taɓo ya wuni yana yanke wa ruwan hanya har lambun ya tsane. Da la'asar ya bi akwatuna ya zare ƙwaƙwalensu, ya jera su a kan rufin shago, gilashi na kallon sama, kamar mai shanyar kuɓewa. Sai rana ta goge su kafin ya sake rubutu, rana kuwa ba ta san gaggawa ba. Aka koma gidan jiya. Gudiya ta koma tsuguno a gefen inji, bakin ganyen albasarta ya fara yin ruwan ɗorawa.

Cikin kwanakin jiran ne ya je Birnin Malam gaida mahaifinsa. Ya zauna a zaure, almajiran Malam na ta karatu, kowa da nasa, ba mai jin na wani. Can Malam ya gyara murya, lokacin biyawa ya yi. Zaure ya yi tsit. Ya kira suna ɗaya, mai sunan ya matso ya karanta, Malam ya maimaita masa. Inda ya karkace, Malam ya ce, "Sake." Sai da ya faɗa daidai sannan aka kira na gaba, a haka har aka zagaye zauren ba a tsallake kowa ba. Junaidu ya fashe da dariya. Abin da ya tashi yana gani ke nan, abin da injunan masaƙa ma suke yi ke nan, gaggawa ce ta sa ya tsallake.

Malam ya ɗago kai ya ce, "Kai kuma mi kaka ma dariya?"

Ya ce, "Baba, sana'arka za ni sata."

Da ƙwaƙwale suka goge, ya rubuta musu sabuwar tarbiyya. Daga yau babu akwatin da zai buɗe baki sai uwa ta kira lambarsa. In an kira shi ya fara da alamar sallama, don a san nan saƙo ya soma. Ya faɗi lambarsa, ya faɗi buƙatarsa, sannan ya tara jimillar duk abin da ya faɗa ya liƙa a ƙarshe. Uwa ta yi nata lissafin. In ya zo daidai ta maimaita masa, 'yar fitilarsa ta tsaya cak, manomi ya san an ji shi. In bai zo daidai ba ta watsar, ta ce sake, shi kuma ya yi ta sakewa duk zagaye har sai an ji. Uwa tana zagayawa kiran kowa cikin ƙiftawar ido, ta jera buƙatu yadda suka iso. Wanda ya riga, shi za a fara ba.

Aka mayar da akwatuna, aka danna tare da gangan bayan Asuba, ko saƙo ɗaya bai cakuɗe ba. Wanda ya fi kowa murna Ɗanbaba ne. Yanzu in wani ya zo yana hura hanci sai ya nuna uwa ya ce, "Ba ni na ba, akwati na."

Ba a jima ba Alhaji ya zo shago da kansa. Junaidu ya miƙe ya ba shi kujera, suka gaisa. Alhaji ya ce, "Aikinka ya yi kyau, ɗan Malam. Saura abu guda. Tunda uwag ga lamba taka kira, ta riƙa hwara kiran manya. In ni danna, ko wa ag gaba, a ba ni."

Junaidu ya ce, "Alhaji, in anka yi haka, mun koma inda munka hito."

"A wane taro ka taɓa ganin an ba mace magana dattijo na tsaye? Jiya Mamman, Mamman fa, shi anka buɗe ma ni ina kallo!"

"Shi yar riga ka dannawa, ranka shi daɗe."

Alhaji ya kafa masa ido. Sannan ya ce a hankali, "Wayarka ta cikin gonata ta bi. Wanga shago kuma ka san mai shi."

Junaidu ya ji tsoro, kada wani ya ce muku bai ji ba. Yana da mata da 'ya'ya, kuma shago a bakin kasuwar Jega ba abin wasa ba ne. Abin da ake nema a wurinsa ɗan ƙaramin rubutu ne, babu ma wanda zai gani. Amma ya tuna Gudiya a tsugune da mayafi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro mabuɗi, ya ajiye a gaban Alhaji da hannu biyu, cikin ladabi. Ya ce, "Na gode da zaman da niy yi. Amma wagga uwa ba ta san Alhaji ba, kuma ba ni koya mata."

Kafin azahar ya kwashe rediyoyin mutane a baro ya koma gindin wata darbejiya a bakin hanyar Maiyama. Nan ya kafa tebur, kuma nan ya zauna har furfura ta cika masa kai, bai ƙara shiga shagon kowa ba. Daga ranar aka sa masa mai taurin kai.

Alhaji ya so a kwashe akwatunan duka, amma ƙananan manoma suka yi ta sosa ƙeya suna cewa a dai bari a gani, shi kuwa bai so ya yi faɗa da kowa da kowa ba. Sai ya sa aka naɗe wayar da ta ratsa gonarsa aka jefar a kan hanya, ya koma zuwa bakin inji da ƙafarsa kamar da. Da wannan aka yanke Gudiya, don ta gonar Alhaji waya ke isa gare ta. Albasarta kuwa ta kai inda in ba ta sha ruwa a 'yan kwanakin nan ba, magana ta ƙare.

Junaidu ya bi bola da garejin makanikai yana tsintar guntayen waya, ya kwance tsofaffin injuna ya warware na cikinsu. Ya ɗaura wannan da wancan, ya liƙe da dalma, ya zagaya da ita ta bayan gonar Alhaji, ta cikin ƙaya da sabara, har hannuwansa suka yi kaca-kaca. Waya ta yi tsawo, ga ƙulli ko'ina, saƙo sai ya karye sau da yawa kafin ya isa. Amma akwati ba ya jin kunyar sakewa. Ya gwada, fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta tsaya. Ya ce, "Yaya, gobe da kin iso ki danna kore." Ta ce to.

Kashegari ruwa bai zo ba. Wanshekare ma haka. Ɗanbaba ya rantse lambar Gudiya ba ta fito ba ko sau ɗaya. Junaidu ya bi waya ƙulli-ƙulli tun daga rumfar inji, yana taɓawa yana gwadawa, rana na dukansa, bai ga aibi ba. Da hantsi ya iso ƙarshen fadama. Ga albasa ta langaɓe, ƙasa ta tsage. Ga Gudiya tana ɗebo ruwa da tulu daga wani ɗan kududdufi tana yayyafawa, aikin da ko shekara za ta yi ba zai isa ba. Ga akwati kuma an lulluɓe shi da tsohon zane, an ɗora dutse a kai don kada iska ta yaye.

Ya yaye zanen. Ya ce, "Yaya, kin danna kuwa?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Junaidu, Alhaji kullum shina zuwa bakin inji da ƙahwarshi. Ni kuma in zamna nan in kira, a bar shi tsaye a ba ni? Da wane ido za ni dube shi? Na ce in bari har shi ƙare."

Ran Junaidu ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi ba. Ya yi faɗa da cakuɗewar saƙo ya ci, ya yi da Alhaji ya tsaya, ashe babban abin yana nan lulluɓe da zane. Ya ce, "Shi ƙare? Yaushe Alhaji ya taɓa ƙarewa? Na bar shago, dubi hannuna, ke kuma kina ma akwati lulluɓi!"

Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "To danna min kai."

Ya mayar da hannuwansa baya ya harɗe. Ya ce, "Wallahi ba ni taɓa shi. In ni danna yau, gobe wa ka danna miki? Ranar da kinka shiga tsakanina da bulalar Baba, wa kinka jira shi ƙare? Lambunki na, Yaya. In kin so ki bar ma masu auna shi, ki bar musu da hannunki."

Ta dubi albasar, ta dubi hanyar da ke zuwa bakin inji. Ta ajiye tulun. Ta goge hannu a zane kamar mai shirin gaida baƙo, ta yi bisimilla, ta ɗora yatsa a kan kore. Fitila ta yi ƙyaf, ta mutu. Gudiya ta ja baya ta ce, "Ka gani, ba a ji ba."

Ya ce, "Shina sakewa. Tsaya."

Ta sake ƙyaf. Ta sake. Sannan ta tsaya cak.

Daga baya Ɗanbaba ya ba da labarin abin da ya faru a rumfa. Alhaji na isowa ke nan yana gyara hula, lambar Gudiya ta fito. Ɗanbaba ya dubi lamba, ya dubi Alhaji, ya ce, "Akwati na, ranka shi daɗe," ya zare ƙofar ƙarshe. Su dai a ƙarshen fadama abin da suka gani shi ne ruwa yana tahowa a kwata, yana turo busasshen ganye a gabansa. Gudiya ta ɗauki fartanya ta fasa bakin fangali, ƙasa ta fara sha tana ƙara. A bayan ruwan kuma, can nesa, ga babbar riga tana tahowa.

Alhaji ya iso yana haki. Ko kallon Junaidu bai yi ba. Ya ce, "Gudiya, ke ta kinka sa anka bar ni tsaye?"

Junaidu ya ga gwiwoyinta sun fara lanƙwasa, kamar yadda suka saba tun tana yarinya. Ya bar hannuwansa harɗe a baya. Ruwa ya kai mata idon sawu. Ta dubi ƙasa, babu inda za ta tsuguna sai a cikinsa. Sai ta miƙe sosai, ta gyara riƙon fartanya.

Ta ce, "Ina kwana, Alhaji. Kirana anka yi, na amsa. In na ƙare sai a ba ka."